Inda Abdulgafar Yake Karya Kumallo

Kantin Kwari, Kano
6 ga Yuli

Zuwa ga bawana Abdulgafar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya zaman ƙasar mutane? Mu nan lafiya lau, in ban da sukarin nan da ya sa ni gaba. Likita ya raba ni da shayi mai kauri, ya raba ni da alkaki, saura kaɗan ya raba ni da dariya. Kada ka ɓata rai don na ce bawana. Kakana namiji ne, kakarka ƙanwarsa ce, jikan mace kuwa ko a China yake bawan jikar namiji ne. Ba ni na kafa dokar ba, tarar da ita na yi.

Takarda na rubuto don na gaji da lambarka. Kullum a kashe. Sabiru mai yadi zai taso jibi, ya ce ya san shagon Isufu ɗan Damagaram da kuke zaune tare, zai ajiye maka a can. Takarda dai ba ta da uzurin babu sabis.

Ga abin da ya kawo ni. Bizata ta fito, in Allah ya kai mu tsakiyar Oktoba zan shigo Guangzhou bajekolin Canton, in ga masu yi mini atamfa ido da ido. Ban taɓa zuwa ba. Jirgi ba ya ba ni tsoro, yarensu ma bai dame ni ba, abinci ne tashin hankalina. Mai sukari ba ta wasa da karin kumallo, in na wuce ƙarfe tara ban ci ba jikina rawa yake. Kuma ka san ni da ƙyanƙyami. Saboda haka ka zauna ka rubuto mini wuraren da kake karyawa da inda kake cin na rana, na halal, waɗanda kai da kanka ka ci ka yarda da su. Dalla-dalla nake so, da kwatance, ba irin amsar ku ta maza ba, “akwai wurare da yawa.”

Sai magana ta biyu. Na leƙa Najiba ranar Asabar. Ita da yaran lafiya, Firdausi har ta shiga aji uku. Amma matarka ta rame, Abdulgafar. Shekara biyu da rabi ba kwana biyu ba ne. Ta ce mini sai dai ka aiko ɗan saƙon murya ta wayar Isufu, “aiki ya yi yawa, a gai da yara,” shi ke nan. Mahaifinta ya fara maganganu, har ya ce shi bai aurar da ƴarsa ga saƙon waya ba. Dattijon nan in ya fara magana a zaure, kotu yake ƙarasa ta. Ni dai na faɗa maka.

Uwargijiyarka,
Ladidi


Guangzhou
24 ga Yuli

Hajiya Ladidi, taubashiyata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta ya fi sau biyar. Lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi. Allah ya sawwaƙe sukarin, ko da yake mai baki irin naki ban san ta ina sukari ya sami wurin zama ba. Maganar bauta kuwa mun bar ta sai kin zo, a nan za a ga wanda zai riƙa bin wani a baya yana tambayar hanya.

Kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ɗauki biro.

Da farko ki riƙe wannan: duk shagon da kika ga allonsa kore da rubutun Larabci, masu shi da farar hula, matan da ɗankwali, ki shiga ba fargaba. Musulmi ne. Mai shago “lawban” ake ce masa, wato maigida. In ya ce miki “meyo,” babu ke nan, kada ki tsaya ciniki kamar a Kwari.

Karin kumallo. In kin fito daga tashar jirgin ƙasa ta Xiaobei, ki bi ta ƙarƙashin gada, lungu na biyu a hannun hagu. Akwai wani tsoho mai ɗan gemu kamar na bunsuru, shagonsa tebur huɗu ne kacal. Taliya yake ja da hannu a gabanki. Zai ɗauki curin ƙullu ya miƙe shi, ya ninka, ya buga a tebur, kafin ki ƙifta ido ya zama zare. Ya tsoma a tafasasshen ruwa, ya zuba romon shanun da ya kwana a wuta, ya yanka nama siriri, ya watsa ganye da jan yaji mai mai. Ke da sukari ki nuna masa rabin kwano, ki ce ya ƙara ganye da ƙwai. Kujerar bakin ƙofa ita ce tawa. Daga nan kana ganin lungun yana farkawa, masu kekuna, mata da kwandon kifi, tururi ta ko’ina. Tsohon ba ya ma tambayata, yana hango ni yake ɗaukar ƙullu. Ni dai ba na jin gari ya waye sai na zauna a kujerar nan.

In taliya ta gundure ki, ki ƙara gaba kaɗan. Wata mata tana sayar da madarar waken suya da zafinta, da awara mai laushi wadda ake sha da cokali. Ki ce kada ta sa sukari, don hannunta a sake yake. Kusa da ita akwai ƴan Xinjiang masu gurasa. Tanderu ne da su irin namu, sai dai gurasar tasu ta fi faɗi, da riɗi da albasa a kai. Kada ki gaya wa ƴan Jakara masu gurasar Kano, amma wata ran tana ba tasu kashi.

Abu ɗaya: in an kawo miki buta da kwano, ba sha ake fara yi ba. Ruwan shayin farko ɗauraye kofi da cokali ake yi da shi. Ni ranar farko shanyewa na yi, har yau ina jin dariyar da aka yi mini.

Na rana kuma. Ranar Juma’a kada ki ci komai a otal. Ki je masallacin da ke kusa da titin Liuhua Lu, ana sallamewa titin gaba yake cika da hayaƙi. Tsiren rago, dafa-dukar shinkafa da karas a ƙatuwar tukunya, kankana a yanke. A tsaye ake ci, kafaɗa da kafaɗa, Balarabe, Bature, ɗan Mali, ɗan Fagge. Sauran ranaku akwai wani gidan abinci a bayan kasuwar waya, suna yin kaza da dankali da barkono a faranti ɗaya da zai ishi mutum uku.

Na ajiye miki babban a ƙarshe. A wani dogon bene daura da gadar, hawa na tara, ƙofa ta uku, babu allo babu komai. Ki ƙwanƙwasa ki yi sallama da Hausa. Fasuma ce, wata dattijuwa ƴar Maraɗi, ita da mijinta. Tuwon shinkafa take yi da miyar kuka, da daddawa ta gaske wadda ake kawo mata a akwati. Ranar Laraba dambu. A kan tabarma ake zama, ana jin rediyo, ana musun ƙwallo. Wallahi Hajiya, in na zauna a gidan Fasuma na sa hannu a kwano, mantawa nake ba a gida nake ba.

Na cika ki da surutu. Rubutun ne ya yi mini daɗi, na kasa ajiye biron.

In kin zo kada ki sa rai da ganina sosai, lodin kaya ya riƙe ni a tashar jirgin ruwa ta Huangpu. Isufu zai nuna miki gari. Maganar Najiba na ji. A ba Babanta haƙuri, ina nan tafe da zarar abubuwa sun daidaita.

Naki,
Abdulgafar


Kano
19 ga Agusta

Abdulgafar,

Salamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Ni jikina da sauƙi, zuciyata ce babu daɗi. Na yi ɓarna, kuma gara ka ji daga bakina.

Takardarka ta yi mini daɗi ƙwarai. Ranar sunan jikar yayata, mata sun cika tsakar gida ana jiran abinci, sai na ce bari in karanta musu su sha dariya. Ka san mu, takarda in ta zo daga nesa ta gida ce gaba ɗaya, haka muka taso muna gani. Ban kawo komai a raina ba. Najiba tana wurin, ita da mahaifiyarta.

Da farko ana ta dariya. Wajen shan ruwan ɗauraya har da masu riƙe ciki. Da na zo wajen kujerarka ta bakin ƙofa, wata ta ce, “Oh, su Abdulgafar an ji daɗi, kullum a gidan abinci.” Ban ankara ba na ci gaba. Ina karanta inda ka ce a gidan Fasuma mantawa kake ba a gida kake ba, sai idanu suka koma kan matarka. Najiba ta miƙe ta gyara mayafinta. Abin da ta ce kawai shi ne, “Ashe ya sami gida.” Ta ja hannun Firdausi suka fita, ko abincin ba ta ci ba.

Na bi ta washegari. Na ce Fasuman nan tsohuwa ce da mijinta. Ta ce, “Yaya Ladidi, ni ba kishi nake ba. Shafi uku ya rubuta a kan taliya da tuwo. Ni layi biyu na samu, a ƙarshe, bayan Isufu. Mutumin da yake da lokacin kallon masu kekuna kowace safiya, ba aiki ne ya riƙe shi ba.” Ni ma da na sake karantawa haka na gani.

Ta koma gidansu da yaran. Mahaifinta ya shigar da ƙara. Alƙali ya ba da wata uku: in ba ka bayyana da kanka ba zuwa 17 ga Nuwamba, za a raba auren. Ba wakili suke so ba, ba saƙo ba, kai suke so.

Laifina na ɗauka, baki shi ke yanka wuya. Amma kai ma ka gaya mini gaskiya. Mene ne ya riƙe ka? In wata ka aura, faɗi. In kasuwa ce ta karye, faɗi, ba kanka farau ba. Sabiru zai juyo cikin sati biyu, kada ya dawo hannu sake.

Ladidi


Guangzhou
5 ga Satumba

Hajiya,

Wa alaikumus salam. Kin tambayi lafiyata, yau ba zan ce ƙalau ba. Tun da Isufu ya miƙo mini takardarki ban iya cin abin kirki ba. Ba ki da laifi. Abin da na rubuta kika karanta.

Ga gaskiyar. Wata goma sha uku ke nan ban taka ƙasa ba.

Bara da bizata ta kusa ƙarewa na ba wani dillali fasfona ya sabunta mini, kamar yadda mutane da yawa suke yi. Ya ce sati biyu. Daga ranar ban sake ganinsa ba, ofishinsa ma an mai da shi shagon takalma. Biza ta mutu, fasfo babu. Layin wayata da fasfo aka yi masa rajista, shi ma aka rufe. A unguwar nan ana tare baƙar fata a tambaye shi takarda a bakin tasha, a kan gada, har a cikin gidan abinci. Wanda aka kama sai tsarewa, sai a sa shi a jirgi, a hana shi dawowa shekaru. Na ce bari in ɓuya kwana biyu kafin a gano dillalin. Kwana biyun ne har yau.

Babu wani lodi a Huangpu. Ɗaki ɗaya ne, hawa na shida, da sunan Isufu aka kama shi. Taku biyar tsawo, huɗu faɗi, na auna ya fi sau dubu. Taga ɗaya ce, in na miƙa hannu ina taɓa bangon gidan maƙwabta. Rana ba ta shigowa, sai wajen sha ɗaya wani ɗan haske yake sauka a bangon, ya yi rabin awa ya wuce. Da shi nake gane gari ya yi nisa. In na ji taku a matakala numfashi nake ɗaukewa. Ko tari a cikin filo nake yi. Sallar Juma’a ta fi hamsin da ta wuce ni, ina jin mutane suna sauka suna tafiya.

Isufu yakan bar mini burodi da ƙwai kafin ya fita, ya dawo mini da shinkafa a roba. Allah ya saka masa, don shi ma kansa ya sa a wuta saboda ni. Da safe tururin lungu yana hawowa ta tagar, in ji ƙamshin romo, in zauna a bakin katifa ina cin burodi.

Da kika ce in rubuto miki wuraren cin abinci, kamar kin buɗe mini ƙofa ne. Kwana uku na yi ina rubuta waccan takardar. Na bi lungun taku-taku a kaina, na zauna a kujerar, na hau bene na tara. Shi ya sa na rubuta kamar jiya na je. Ban yi niyyar ƙarya ba, amma ƙarya ce. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Najiba kuwa layi biyu ta samu don ita ce ban iya rubutawa a kanta. In na fara, hannuna tsayawa yake.

Kin san ranar da zan taho Babanta ya ce mini in zauna a Kwari in yi haƙuri da kaɗan, na ce masa shekara ɗaya ta ishe ni. Da wane ido zan sauka a Kano, ɗan sanda ya rako ni jirgi, ba kaya ba fasfo? Tsoro nake ji, Hajiya, da kunya. Ban san wanda ya fi yawa ba.

Na roƙe ki da girman zumunci, kada Najiba ta ji wannan. Ki ba ni lokaci. An ce an ga dillalin a garin Foshan, Isufu yana bincikawa.

Abdulgafar


Kano
28 ga Satumba

Abdulgafar,

Sallama irin ta addinin Musulunci, don ita wajibi ce. Lafiyarka kuwa na san kana da ita, mai cin tsiren rago duk Juma’a.

Kwana arba’in ke nan ba amsa. Sabiru bai dawo ba, an ce kwantenarsa ce ta maƙale a Nansha, amma ai ba shi kaɗai ne mai zuwa Kano ba. Wannan takardar ma Hajiya Zalika na ba ta kawo maka. Wanda yake son aika saƙo ba ya rasa ɗan aike. Shiru ma magana ce, kuma na ji ta.

Na je gidan su Najiba sau uku ina ba da haƙuri a madadinka, har mahaifiyarta ta daina shimfiɗa mini darduma. Na rantse musu akwai dalili. Yanzu ni ce nake jin kunya. Jiya Firdausi ta tambaye ni wai in an raba aure, uba ma rabawa ake yi? Na ce mata a’a. Ka ga har ƙarya ka fara sa ni, ko gaskiya ce, ni ban ma sani ba.

Ranar 16 zan sauka. Ba sai Isufu ya nuna mini gari ba, kwatancenka yana jakata. Zan je shagon tsohon nan da sassafe in zauna a kujerar taka in jira ka. Ka zo ka kalli idona.

Ladidi


Liuhua Lu, Guangzhou
18 ga Oktoba

Abdulgafar, ɗan’uwana,

Assalamu alaikum. Na sauka lafiya shekaranjiya. Ya jikinka? Wannan karon da gaske nake tambaya.

Jiya da safe na ɗauki takardarka na bi kwatance. Tasha, ƙarƙashin gada, lungu na biyu a hagu. Na je na dawo sau uku. Inda ya kamata a ce tebur huɗu ne, rigunan waya ake sayarwa. Na nuna wa yarinyar shagon da hannu, ina jan taliya a iska kamar mahaukaciya. Ta ce “meyo, meyo.” Na hau bene na tara, ƙafata tana rawa don ban karya ba. Wani ɗan China ya buɗe da singileti. A ƙasa na haɗu da wani ɗan Agadas, ya ce Fasuma ta koma Maraɗi tun azumin da ya wuce, mijinta ne ya rasu. Na tsaya a bakin titi na ce, to wannan mutumin a ina yake cin tuwon?

Na dawo otal na tarar da Sabiru yana jirana, yana ta ba da haƙuri. Takardarka ta 5 ga Satumba tana aljihun jakarsa duk tsawon nan, ya ce kai ka ce hannu da hannu, kada ya ba kowa. A nan zauren otal na karanta. Ban san na yi kuka ba sai da wata ma’aikaciya ta miƙo mini ruwan zafi. Ka yafe mini takardar da na aiko ta hannun Zalika. Rashin sani ya fi dare duhu.

Yanzu ka ƙara yafe mini wani. Ka roƙe ni kada Najiba ta ji. Na kira ta. Na auna amanarka da aurenka, na ga in na riƙe ɗaya ɗayan zai mutu a hannuna. Ka yi fushi in ka ga dama.

Na zaci za ta yi kuka ta ce a janye ƙara. Ba haka aka yi ba. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, “Yana cin abinci?” Na ce yana ci. Ta ce, “Alhamdu lillahi.” Sai ta ce, zan rubuta maka yadda ta faɗa:

“Yaya Ladidi, da ya gaya mini tun ranar farko, wallahi shekara goma zan jira shi, kuma ni zan tare Baba. Isufu ya sani. Ke kin sani. Ni da na haifa masa biyu, ni ce wadda ake ɓoye wa. Wata goma sha huɗu ina kwana ina tunanin me na yi masa. Ya gwammace in ɗauka ya gaji da ni a kan in san yana cikin wahala. Wannan ya fi mini maganar tuwon ciwo.”

Ta ce ba za ta janye ba, kuma ba za ta gaya wa Babanta ba, don ba bakinta ya kamata ya faɗa ba. In ka iso kafin ranar, za ta saurare ka. In ba ka iso ba, ta ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Na yi tambaya a wurin manyan ƴan kasuwarmu na nan. Sun ce ka manta da dillali, ko an gan shi ba fasfo a hannunsa. Hanya ɗaya ce: ofishin jakadancinmu su ba ka takardar tafiya, ka kai kanka wurin hukumar shige da fice. Wanda ya kai kansa ya fi wanda aka kamo sauƙi. Za a tsare ka, wannan babu makawa. Wani ya ce sati uku, wani ya ce ya ga wanda ya yi wata biyu. Ba wanda ya iya ba ni tabbas.

Isufu ya ƙi gaya mini inda ɗakin yake, ya ce sai da izininka. Mutumin kirki ne. Ina nan har 29 ga wata. Atamfa ta jira.

Ladidi


20 ga Oktoba, da hantsi

Hajiya,

Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa, sannu da hawan bene. Baƙuwa ta zo garin da nake, ban tare ta ba, na kuma aike ta gidan da babu kowa ba ta karya ba. Wannan kaɗai ya isa abin kunya. Allah ya ji ƙan mijin Fasuma. Ban sani ba. Isufu ya ce ya sani, ya ɓoye mini don kada in ƙara karaya.

Da na karanta cewa kin kira ta, na yi fushi. Na yini ina zagaye ɗakin nan ina shirya baƙaƙen maganganun da zan rubuto miki. Da na zauna rubutawa sai na koma kan maganarta, na karanta, na sake karantawa. Babu inda ta yi kuskure. Takardar da kika ba Zalika ta same ni tun farkon wata, na gane tawa ba ta isa ba. Wayar Isufu tana nan kowace safiya kafin ya fita. Sau nawa na ɗauka na ajiye. Ina cewa mutuncina nake karewa, ashe ita nake bari a ɗaki irin nawa, nata ma ba wanda yake kawo mata bayani.

Na ƙirga, saura kwana ashirin da takwas. In sati uku ne, zan iso. In wata biyu ne, zan sauka Kano ba ni da mata. Na san haka, kuma zan fita. Ko ban same ta tana matata ba, zan same ta in ba ta haƙuri da bakina, in tsuguna gaban Baba in faɗa masa abin da ya faru ba ragi. Firdausi kuma ta ga ba a raba uba.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Isufu ya rufe shago yau, zai kawo miki wannan ya dawo. Ana idar da azahar za mu sauko. Kada ki zo ɗakin, ba na so ki gan shi. Ki jira mu a ƙofar ofishin jakadanci, zai rubuta miki adireshin da yarensu ki nuna wa mai tasi. Ki ci abinci kafin ki fito, kada ki faɗi mana a hanya.

Ɗazu na jawo takalmina daga ƙarƙashin gado. Danshin garin nan ya cinye shi, duk ya yi fumfuna, ina ɗagawa ƙasan ya rabu da saman. Isufu ya ara mini nasa. Ya ɗan matse ni, amma zai kai ni.

Abdulgafar